Murhun gashi na gas ko na gawayi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Murhun gashi iri uku ne mai neman na tsakar gida zai fi cin karo da su. Akwai na gas mai bututun wuta uku, irin Weber Spirit E-310 da takwarorinsa marasa suna da ke shigowa daga Sin. Akwai zagayayyen murhun gawayi mai murfi, wanda George Stephen ya fara ƙerawa a Amurka a 1952, ya zama tushen kamfanin Weber, mai faɗin santimita 57. Sai rabin ganga, aikin masu waldarmu. A taƙaice, idan tsire da balangu da naman layya ne a ranka, gawayi za ka saya. Na gas ya fi dacewa da gidan da ake gasa kaza ko kifi sau biyu sau uku a mako, kuma ba wanda ke da lokacin zaman fifita.

Dalili yana cikin irin zafin da kowanne ke bayarwa. Garwashi busasshen zafi yake yi, yana dukan nama kai tsaye, ya ƙafar da ruwan da ke jikinsa nan take, ya yi masa ɓawo. Gas kuwa idan ya ƙone tururi yake fitarwa. Kilo ɗaya yana haifar da ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi. Yawancin murhunan gas na gida ba sa wuce digiri 260 zuwa 290 na ma'aunin Salshiyas ko da an rufe murfi, alhali garwashi mai kyau da aka tara wuri ɗaya ya kan haura haka da nisa. Siririn yanka irin na tsire yana buƙatar ya yi ja kafin cikinsa ya bushe. A kan gas sai ka iske ya dahu tun bai yi kala ba, idan ka jira kalar kuma ya zama jijiya. Shi ƙamshin da ake cewa na gawayi ne, yawancinsa kitse ne da ke ɗiga kan garwashi ya ƙone ya taso ya bi naman. Masu ƙera na gas sun san haka, shi ya sa suke kifa wasu faranta na ƙarfe masu tudu a tsakiya a saman bututun, don maiƙo ya sauka a kansu ya yi hayaƙi. Yana taimakawa, amma mai cin tsiren tukuba zai gane bambancin a lomar farko.

Inda na gas ya yi fice babu jayayya. Ka buɗe murfi, ka kunna, ka rufe, minti 10 zuwa 15 ya yi zafi. Kazar da aka tsaga ta baya aka baje, a kunna bututun gefe biyu a kashe na tsakiya, a ɗora ta a tsakiyar a rufe, cikin minti 45 zuwa awa ɗaya ta nuna har ƙashi ba ƙauri. Tarwaɗa da karfasa ma haka, domin wutar ba ta hawa ba ta sauka sai ka taɓa ta. Cin gas ɗinsa bai kai yadda ake tsoro ba: mai ƙarfin kilowat tara yana shan kusan kashi biyu cikin uku na kilo a awa idan an ƙure dukkan bututun, wato tukunya mai kilo 12.5 za ta yi awa 18 zuwa 20.

Matsalarsa a kayan haɗi take, musamman ga mai sayen na gwanjo. Wanda aka yi don kasuwar Amurka yana zuwa da regileta mai bakin da ba ya shiga tukunyarmu, sai mutane su yanke tiyon su ɗaura duk wadda suka samu. A duba farantin da ke manne a jikin murhun, an rubuta matsin da yake buƙata: wani miliba 28 zuwa 30, wani 37, na kasuwar Jamus 50. Regiletar da ta gaza za ta ba ka wuta mai sanyi, wadda ta zarce kuma harshen wuta zai riƙa tsalle daga bakin bututu. Mafi haɗari shi ne murhun da aka ƙera don gas ɗin bututun gida, irin wanda ake ja wa gidaje a Turai da Amurka. Ramukan fitar gas ɗinsa sun fi faɗi, idan aka haɗa shi da tukunya wuta ce za ta tashi ja, mai baƙin hayaƙi, ta wuce raga. Irin wannan a bar wa mai shi, komai arharsa.

Sai zanzaro da gizo-gizo. Murhun da ya yi wata biyu a ajiye, da wuya a rasa gidan laka ko yana a maƙogwaron bututun, inda gas ke gauraya da iska. Alamarsa wuta rawaya, ko wani bututu ya ƙi kamawa, ko wuta ta dawo baya ta fito ta wajen maɓallan kunnawa ta narkar da su. A zare bututun a zura waya mai laushi ko siririn buroshi, a huda ramukan da suka toshe da allura. Duk lokacin da aka sauya tukunya a shafa ruwan sabulu a mahaɗa da jikin tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. Kada a kunna murfi yana rufe, gas ya kan taru ya tashi gaba ɗaya. Idan bai kama ba cikin daƙiƙa biyar a kashe, a jira minti biyar. Farantin tara maiƙo na ƙasa shi ne tushen yawancin gobarar waɗannan murhuna. Idan ya kama, a kashe gas daga tukunya a rufe murfi, ban da watsa ruwa. Na Weber ana samun kayan gyaransa ko da odar waje ce. Marasa sunan nan masu siririn ƙarfe, ranar da tsatsa ta cinye bututun, shi ke nan an yi asarar murhun.

A ɓangaren gawayi, zagayayyen Weber ya ci sunansa saboda murfi da ƙofofin iska. Jikinsa ƙarfe ne da aka yi wa rufin tangaran, ruwan sama ba ya cin sa sai inda ya ɓantare. A ƙasa akwai hannu ɗaya mai juya fukafukai uku, su ne ke share toka, su ne kuma ke buɗe iska. Ka buɗe ƙasa da sama wuta ta tashi, ka rage ta lafa, ka rufe duka ta mutu, gawayin da ya rage ka tashe shi gobe. Wannan kaɗai yana rage kashe kuɗin gawayi sosai. Kilo ɗaya da rabi zuwa biyu yana ba da kusan awa guda na wuta mai ƙarfi. Aibinsa biyu: ragar ba ta hawa ba ta sauka, tazararta da garwashi kusan santimita 12 ce kullum, sannan ƙarami ne. Kaji biyu sun cika shi. Ranar Babbar Sallah za a kwana ana gashi. Da yake zagaye ne, bakin tsinken tsire ma ya kan faɗa kan wuta ya ƙone.

Rabin ganga ya ninka shi fili, domin ganga mai lita 200 tsawonta ya kusa santimita 90, faɗinta kusan 58. Tsinke yana kwanciya a jere, hannunsa a waje. Sai dai mai walda abin da ka faɗa masa zai yi, idan ba ka faɗa ba zai ba ka kwano mai ƙafa huɗu. Ka ce a bar ɗaya rabin ya zama murfi, a huda ƙofar iska mai marfi a ƙasan gefe ɗaya da wata a murfi ta ɗaya gefen. A shimfiɗa rodi mai kaurin milimita 10 ko 12 kamar yatsu huɗu sama da gindin gangar, gawayi ya zauna a kai, iska ta shiga ta ƙasa. A yi wa ragar nama matakai biyu ko uku. Ragar kanta ta zama baƙin ƙarfe ko wanda ba ya tsatsa. Wayar shinge mai farin rufi tana fitar da hayaƙi mai guba idan ta ji wuta, ragar tsohon firji ma rufin da ke jikinta ba na wuta ba ne. Gangar da ta ɗauki maganin ƙwari ko sinadarin da ba a san shi ba a ƙyale ta. Ta mai kuwa sai an wanke an cika ta da ruwa kafin a yanka, don tururin man da ya rage yana fashewa, sannan a babbake ta da wuta mai ƙarfi har fenti ya zube kafin nama ya hau.

Ƙarfen ganga bai fi kaurin milimita ɗaya da wani abu ba, kuma ba wuta ce ke kashe shi ba, toka ce. Toka idan ta sha ruwa ta zama ruwan toka mai cin ƙarfe, damina ɗaya ko biyu gindin ya zube. A kwashe ta bayan ta huce, a kife gangar ko a rufe.

Gawayin kirya, wanda maƙera ke nema, da na marke sun fi daɗewa da zafi. Ana gane mai kyau da nauyi a hannu da ƙara kamar ta ƙarfe idan aka buga biyu. Wanda ke hayaƙi mai yaji bai gama ƙonewa ba, itace ne a cikinsa. Kananzir da leda suna barin wari a nama, fetur kuwa ba a ma maganarsa. Babban gwangwani da aka cire wa gindi, aka huda gefensa, aka gitta waya a ciki, ya isa: takarda a ƙasa, gawayi a sama, minti 15 zuwa 20 ya yi ja ya fara farar toka, sai a juye. A tara garwashin gefe ɗaya a bar ɗayan babu komai. Idan kitse ya tayar da wuta a janye naman can, domin yayyafa ruwa toka yake tayarwa ta manne a nama. Ana gwada zafi da tafin hannu a saman raga: wanda ba ya jurewa fiye da daƙiƙa biyu uku na balangu da hanta ne, biyar zuwa shida na tsire mai ƙuli ne, don ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci. Haƙarƙari da cinyar rago gefen da babu garwashi za su zauna, murfi a rufe, ana ƙara gawayi kaɗan duk bayan minti 45.

Da na gas da na gawayi, kada a shigar da ko ɗaya ɗaki ko rufaffen gareji don gudun ruwa ko sanyin hunturu. Garwashi yana fitar da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa. Ma'aunin zafi na tsirawa a nama ya fi agogon da ke jikin murfi amfani, domin shi na murfin iskar sama kawai yake aunawa. Kaza sai ta kai digiri 74 a kaurin cinya, niƙaƙƙen nama 71, gundarin naman sa ko na rago 63, a bar shi ya huta minti uku kafin a yanka.