Wata huɗu ina ganin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta waya, ga yadda na same su

Tun ranar da aka ƙwace min waya a cikin adaidaita wajen Ɗan Agundi, bayan magariba, ban ƙara komawa daidai ba. Wayar ba ta dame ni ba wallahi, wuƙar da yaron ya ɗora min a haƙarƙari ce ta ƙi fita daga kaina. Da na ji ƙarar adaidaita sai gabana ya yanke ya faɗi, hannu ya hau rawa, da daddare kuma sai asuba nake samun runtsawa. An yi min rubutu, an yi ruƙiyya, Hajiyarmu ta ce tsoro ne zai wuce, bai wuce ba, ga shi lokacin ban fi wata biyu da tarewa a Kabuga ba, sabon gida, dangin miji suna ta zuwa ganin amarya ni kuma ina banɗaki ina kuka.

Asibiti kam na ƙi zuwa, kun san halinmu a Kano, da an ce an ga wance a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau shikenan an gama da ita. An dai sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023 ta maye gurbin tsohuwar nan ta 1958, amma bakin mutane ba ruwansa da doka. Ƙanwata ce ta nemo min wani kamfani da ke haɗa mutum da masu ba da shawara ta intanet, ka cike fom, ka faɗi abin da ke damunka, ka yi tiransfa, su ba ka lokaci. Zama ɗaya minti 50, ta bidiyo ko murya kawai.

Wadda suka fara haɗa ni da ita tana Legas, mai kirki ce gaskiya, amma Turanci zalla, kuma ba ta san gidan Bahaushe ba ko kaɗan. Na ce mata yawan baƙi na takura min, wai in gaya wa uwar mijina ta riƙa kira kafin ta zo. Uwar miji fa! Dariya ma ta ba ni, karo na farko cikin watanni. Na nemi canji, nan ne suka ɓata min rai, kwana tara ina tura saƙo a WhatsApp kafin wani ya amsa, alhali kuɗina na hannunsu.

Ta biyun ita ce dalilin wannan rubutun. Bahaushiya ce, zaman farko ta ce "amarya, ba hauka kike ba, jikinki ne har yanzu yake zaton kina cikin adaidaitan nan". Ba ta ce in bar addu'a ba, ta ce in riƙe azkar ɗina in haɗa da aikin da za ta ba ni. Ta koya min jan numfashi a hankali idan abin ya taso, ta sa ina rubuta tunanin da ke zuwa min a littafi mu duba tare mu ga wanne ne gaskiya wanne tsoro ne kawai, sannan aikin da na fi tsana, komawa titi kaɗan kaɗan. Satin farko tsayawa kawai a bakin titi minti 10, na gaba in hau adaidaita tare da maigida daga Kabuga zuwa Tal'udu da rana tsaka, haka haka. Da maganar barci ta ƙi gyaruwa ta faɗa min kai tsaye ita ba likita ba ce ba ta rubuta magani, in je sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano in ga likita, na je kuma.

Abin da ba sa gaya maka shi ne inda za ka zauna ka yi maganar. Gidanmu ba ya rabo da mutane, rabin zaman a sito na yi su tsakanin buhun shinkafa da jarkar mai, ina magana ƙasa ƙasa. Ga netwok, kana tsaka da faɗin abin da ka shekara ba ka faɗa ba sai hoto ya sandare, ka dawo ta ce maimaita ban ji ba. Daga baya muka koma murya kawai, ya fi sauƙi kuma data ba ta tafiya. Kuɗin ma da nauyi, sai da na koma sati biyu biyu.

Kamfanin zan ba su 3 cikin 5, ita kuwa 5. Duk mai son gwadawa ya tambayi harshen da mutum ke ji da takardar karatunsa tun kafin ya tura ko sisi. Shekaranjiya na je Kwari ni kaɗai a adaidaita na sayo atamfa, amma na ce wa mai mashin ɗin kar ya bi ta Ɗan Agundi, shi ne aikin sati mai zuwa.