Littafin kalmomi ko tambayoyin ETS: wanda za ki saya don GRE

Ƙanwata, sayi littafin ETS, wato hukumar da ke shirya GRE, jarrabawar da jami'o'i, musamman na Amurka, kan nema wurin masu son shiga karatun digiri na biyu ko na uku. Tunda kin ce kuɗin abu ɗaya ne a hannunki, ko dai ƙaton littafin nan mai kalmomi dubu uku da ɗoriya, ko littafin tambayoyin da masu shirya jarrabawar GRE suka fitar da kansu, to kada ma ki tsaya dogon nazari. Duka biyun sun shiga hannuna. Ɗaya da kuɗina na saya, ɗaya aro aka ba ni, kuma na aron ne ya fisshe ni.

Na kalmomin ba zan ce ba shi da amfani sam ba, in mutum ya rasa ƙamus zai ɗan rage masa zafi. Iyakarsa ke nan. Wata biyu na yi ina haddarsa shafi-shafi lokacin da nake hidimar ƙasa, ban wuce harafin D ba, kuma ranar da na waiwaya baya na tarar na harafin A sun zube. Yana nan cikin kwali har yau, kuma duk sanda na gan shi sai kuɗin da na kashe su dawo min a rai.

Ki ɗauki misali da harshenmu. A ce wani baƙo ya zo koyon Hausa, aka ba shi jerin kalmomi, ya haddace cewa "ci" shi ne sa abinci a baki a tauna a haɗiye. Sai ya fita gari ya ji an ce wane ya ci amanar abokinsa, wance ta ci jarrabawa, kasuwa tana ci ran Laraba, wuta ta ci rumfa, an ci shi tara. Me haddarsa za ta yi masa? Kalmar ya sani, amma bai san zamanta a cikin magana ba. To GRE daidai nan take kama mutum. Ni kalmar qualify ce ta fara kayar da ni. Na san ta tun ina sakandare, irin yadda ake cewa Super Eagles sun samu gurbin zuwa gasa, wato cancanta. Sai na ci karo da tambayar da ke cewa marubuciya ta yi qualify ɗin maganarta a sakin layi na biyu, na zaɓi amsar da ke nufin ta ƙarfafa ta. Ashe nufinsu ta sassauta ta, ta sa mata iyaka, kamar mutum ya ce "haka ne, amma fa ba kullum ba". Haka sanction: mu takunkumi muka sani saboda labaran rediyo, alhali a wata jimlar izini da amincewa take nufi. Haka arrest, wadda ba kullum ba ce kamun ɗan sanda, tana zuwa da ma'anar tsayar da yaɗuwar abu. Babu ɗaya daga cikinsu da za a kira kalma mai wuya, kuma su ne masu cinye maki.

Ki san yadda ɓangaren Turancin yake, don ki ga inda kuɗinki ya kamata su tafi. Tun watan Satumba na 2023 aka taƙaita jarrabawar, duka-duka ba ta cika awa biyu ba. Turanci kashi biyu ne: na farko tambaya 12 cikin minti 18, na biyu tambaya 15 cikin minti 23. In kin lissafa, minti ɗaya da rabi ke nan a kan kowace tambaya, har da lokacin karanta nassin. Maki yana farawa daga 130 zuwa 170, kuma wahalar kashi na biyu tana bin yadda kika yi a na farko. Kusan rabin tambayoyin karanta nassi ne a amsa. Sauran cike gurbi ne: wani lokaci gurbi ɗaya, wani lokaci har uku a jimla ɗaya ko ɗan sakin layi, kuma in kika kuskure ɗaya kin rasa duka, ba a raba maki. Akwai kuma wanda za a ba ki zaɓi shida ki fitar da biyu da za su sa jimlar ta ba da ma'ana iri ɗaya. Babu inda za a ajiye miki kalma tsirararta a ce faɗi ma'anarta. Wannan salon na kishiyar kalma da makamantansa an cire shi tun Agusta 2011.

Littafin ETS wata yaya ce ta ba ni, malamar Turanci a makarantar da na yi hidima, Allah ya saka mata da alheri. Bangon ya yage an liƙe da salatif, gefen kowane shafi rubutunta ne da fensir. Sharaɗi biyu ta gindaya min: kada biro ya taɓa shi, kuma kada in buɗe shafin amsa sai na rubuta dalilin da ya sa na zaɓi abin da na zaɓa. Ranar farko a ɗakin malamai muka zauna bayan an tashi, ana ta zafi babu wuta. Na karanta nassi, na zaɓi amsa da ƙarfin gwiwata domin na san abin da amsar ta faɗa gaskiya ne a duniya. Ba ta ce min daidai ko kuskure ba. Tura min littafin kawai ta yi ta ce, "Ɗora yatsanki a kan layin da ya faɗi haka." Na bi nassin sama da ƙasa sau uku, babu. Ta ce to ba abin da kika sani suke tambayarki ba, abin da marubucin nan ya faɗa suke tambaya. Wallahi wannan zaman na rabin awa ya fi min wata biyun da na yi ina hadda. Daga ranar duk amsar da ba zan iya ɗora mata yatsa ba, ba na zaɓarta.

Abin da ya sa na nace a kan nasu shi ne, tambayoyin ciki su suka rubuta su, da hannun da zai rubuta waɗanda za ki tarar ranar jarrabawa. Masu kwaikwayo suna iya kawo kalmomi masu tsauri, amma tarkon ne ba su iya ɗanawa ba. Su ETS za su ba ki amsar da rabinta daidai ne rabinta ya wuce gona da iri, ko wadda ta ce "kullum" alhali nassin "sau da yawa" ya ce. A cikin zaɓi shida ɗin nan sukan sa kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya waɗanda ba su dace da jimlar ba, don mai hadda ya gansu ya yi wuf. Sannan bayanin amsoshin da ke baya ya fi tambayoyin kansu daraja, domin yana nuna miki yadda aka kai ga amsar da kuma inda sauran suka kauce. Suna da babban jagoran jarrabawar, suna kuma da ƙarami na Turanci zalla mai tambayoyi 150. In ɓangaren lissafi na jarrabawar ba ya ba ki matsala, ƙaramin ya ishe ki.

Za ki ce to kalmomin fa, ai dole a san su. Dole kuwa. Amma jerinki ke za ki haɗa, daga abin da kika karanta. Duk kalmar da ta tsaya miki, ki kwafe ta tare da jimlar da ta zo a ciki, ba ita kaɗai ba. Ni a manhajar Anki nake zubawa, kyauta ce a wayar Android da kwamfuta, kuma aikinta irin na mahaddata ne: abin da ya zauna ta jinkirta dawo miki da shi, abin da ke zamewa ta yi ta maimaita miki. Duk wadda ta yi Islamiyya ta san sabon karatu ba ya tsayawa in babu muraja'a. Kalma goma a rana da jimlolinsu sun wadatar, in dai ba za ki riƙa tsallake kwanaki ba. Ki kuma ba ƙananan kalmomin nan masu juya akalar magana muhimmanci, irin su although da despite da far from da anything but. Sau da yawa amsar cike gurbi a jikinsu take, ko da ba ki san duka zaɓuɓɓukan ba.

Karatun yau da kullum kuwa ba sai kin kashe ko sisi ba in ban da data. Shafin The Conversation kyauta ne, malaman jami'a ne ke rubutu a ciki, har da ɓangaren Afirka. Aeon ma kyauta ne, kuma dogayen maƙalunsa sun yi kama da nassoshin jarrabawar. Ki riƙa zaɓar fannin da ba naki ba da gangan. In kimiyya kika karanta, nemi tarihi ko sharhin adabi, domin ranar jarrabawa ba za a tambaye ki abin da kike so ba. Bayan kowane sakin layi ki ɗaga kai ki faɗa wa kanki da Hausa, a jimla ɗaya, me mutumin nan yake son cewa, kuma ra'ayinsa ne ko na wani yake kawowa don ya rushe. In Hausar ta ƙi fitowa, ba ki gane ba, koma. Ni bayan sallar asuba nake yi, minti arba'in kafin gida ya ɗauki hayaniya. Ki saba da karatu a fuskar kwamfuta kuma, domin a kanta za ki rubuta.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa miki, ki yi hattara da masu sayarwa. Littafin kalmomin da na saya, sai daga baya na lura kwafi ne aka yi wa bango mai sheƙi, wasu shafukan sun dushe, kuma mai shagon ya rantse min sabon fitowa ne. Kafin ki miƙa kuɗi ki buɗe ki duba shekarar bugu, ki duba shafukan amsa suna nan cif. In kika ga ana maganar maki 800 a ɓangaren Turanci, ko babin kishiyar kalmomi, ajiye masa abinsa, na kafin 2011 ne. Wanda aka buga bayan 2011 amma kafin 2023 babu laifi, tambayoyin suna nan da amfaninsu, sai dai yawansu da lokacin sun canza. Mafi haɗari su ne na WhatsApp da Telegram masu cewa suna da "expo", ko za su ƙara miki maki a kwamfutar ETS, ko su zauna miki jarrabawar da ake yi daga gida. Na farko da na biyu ƙarya ce tsagwaronta, kuɗinki kawai za su cinye su rufe lambarki. Na uku kuwa in aka gano soke sakamakon ake yi, kin yi asarar kuɗin rajista, dala ɗari biyu da ɗoriya, ga zubar da mutunci a gaban makarantar da kike nema. Rajista a shafin ETS za ki yi da kanki, ki rubuta sunanki daidai yadda yake a fasfo.

Kafin komai ma ki sake shiga shafin sashen da kike nema ki tabbatar suna buƙatar GRE a bana, domin jami'o'in Amurka da dama sun mai da ita zaɓi ko sun daina nema. In Ingila ce kika nufa, galibi IELTS za su tambaya, wato jarrabawar gwada iya Turanci, can kuma tambaya 40 ce cikin awa ɗaya a ɓangaren karatu, kuma shawarata ba ta canza ba: tsoffin tambayoyin Cambridge, ɗaya daga cikin masu shirya ta, za ki nema.

Akwai gwajin kyauta a shafin ETS, POWERPREP suke kiransa. Ki zauna ran Asabar ɗin nan ki yi shi da agogo, waya a kashe, tun kafin ki sayi littafin. Kada makin ya tayar miki da hankali, na farko kowa haka yake ganinsa. In kin gama ki turo min tambayoyi biyar daga cikin waɗanda kika kuskure, tare da dalilin da ya sa kika zaɓi abin da kika zaɓa, mu duba su tare.