Ƙwan LED ko halojin na asali: wanda ya dace da Corolla mai dusasshiyar fitila

Assalamu alaikum. Malam, tunda motarka Corolla ce ƙirar 2007 shigowar Amurka, kuma kana tsakanin sa mata ƙwan LED, wato farin ƙwan nan na zamani, da komawa ga halojin, irin ƙwan da motar ta zo da shi, saboda fitilarta ta daina nuna maka hanya da dare, shawarata ita ce ka sa halojin na asali, amma kada ka sayi ƙwai ko ɗaya sai an goge gilashin fitilar, an kuma auna wutar da take isa ga soket. Irin motarka nake hawa shekara shida ke nan, kuma duka biyun na saya da kuɗina na gwada su a kan hanya.

LED na fara saya, domin mai shagon ya kunna mini shi a kan batir da rana tsaka, na ga fari tas har ba ya kalluwa, na ɗauka matsalata ta ƙare. A cikin gari, inda akwai fitilun titi da na shaguna, ban ga aibinsa ba. Ranar da na gane kuskurena ina dawowa ne daga ta'aziyya a Daura bayan sallar isha'i, cikin hunturu, da iyalina a motar. Hasken ya watsu a kan itatuwa da sararin sama, hazo yana dawo mini da shi cikin ido kamar an rataya farin ƙyalle a gabana, kwaltar da nake bukatar gani kuwa tana cikin duhu. Duk motar da ta taho sai ta buɗe mini ful, domin direbanta ya ɗauka ni ne na ƙi sauke nawa, alhali a dim nake. Tsakanin Kazaure da Dambatta na tarar da amalanken shanu ɗauke da kara, babu fitila babu wani abu mai ƙyalli a bayanta, kuma ban gan ta ba sai da tazararmu ta rage tsawon mota huɗu ko biyar. Allah ya kiyaye, birki ya kama, amma na daɗe a gefen hanya kafin hannuna ya daina rawa.

Dalilin wannan watsuwar yana cikin ƙirar fitilar kanta. Kwanon da ke bayan ƙwai, mai ƙyalli kamar madubi, an lanƙwasa shi ne daidai da siririyar wayar da take ci a cikin ƙwan halojin, wadda take zaune a wuri ɗaya tak tana ba da haske ta kowane ɓangare. Ƙwan LED kuma faifai ne mai kauri da 'yan idanu a gefe biyu, saboda haka hasken yana tasowa daga inda kwanon bai san da shi ba, sai ya jefa shi sama da gefe maimakon ya tara shi ya shimfiɗa a kan kwalta. Shi ya sa mutum yake ganin gaban motarsa ya yi fari fat har mita goma ko ashirin, ya ɗauka ya samu haske, alhali wannan farin na kusa yana tsuke masa ƙwayar ido ne ya ƙara hana shi hango nesa. Iyakar abin da zan iya faɗi na alheri game da LED shi ne ba ya shan wuta sosai, kuma a motar da kamfani ya ƙera fitilarta dominsa tun asali yana aiki da kyau. Taka ba ta cikinsu.

Bayan wannan dare ne wani maƙwabcina direban motar haya ya kai ni wurin wani dattijo mai wayarin, kuma har yau ina yi wa mutumin nan addu'a. Bai fara da ƙwai ba. Ya shafa gilashin fitilar da tafin hannunsa, ya nuna mini yadda ya koma ruwan ɗorawa, ya yi kaushi kamar bayan ƙwarya, ya ce ko rana aka saka a ciki ba za ta fito ta nan ba. Abin da muke kira gilashi a waɗannan motocin roba ce mai ƙarfi da aka shafe da wani siririn rufi mai kare ta daga hasken rana, kuma ranarmu da ƙurar hunturu suna cinye rufin nan cikin 'yan shekaru. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan dusassun fitilu a 2018, ta samu cewa hasken da suke fitarwa a dim kashi 22 ne kacal cikin 100 na abin da sabuwa take fitarwa. Ka ga ke nan wanda ya canza ƙwai ya bar gilashin a haka ya bar mafi yawan matsalar a inda take.

Dattijon nan ya zagaye fitilar da tef don kada ya taɓa fenti, ya ɗauko samfefa ya jiƙa ta da ruwa, ya fara da mai lamba 800, ya koma 1500, sannan 2000, ya ƙare da 3000. Ina tsaye ina kallon ruwan da yake gangarowa a kan bamba, da farko rawaya kamar ruwan kunun gyaɗa, a hankali ya koma fari kamar madara, kuma a nan ne ya ce mataccen rufin ya fita. Da ya gama sai ya fesa masa sabon rufi mai kare rana, ya hana ni tayar da motar sai ya bushe. Wannan feshin na ƙarshe kada ka yarda a tsallake shi. Masu goge fitila da man goge baki ko man birki a bakin titi suna sa ta yi ƙyalli na mako biyu ko uku ne, daga nan ta koma gidan jiya, wani lokaci ma ta fi da muni saboda an bar robar tsirara.

Daga nan ya tayar da injin, ya kunna fitila, ya ɗora mitarsa a kan batir ta nuna volt 14, ya kai ta bayan soket ta nuna 12 da 'yan kai. Kusan volt biyu suna salwanta a hanya, a tsofaffin wayoyi da makunni da wayar as, wato mai mayar da wuta ta jikin mota, da ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta da bodi. Halojin ba ya haƙuri da ƙarancin wuta, domin idan wutar ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30. Ya kankare tsatsar, ya canza soket ɗaya da ya fara narkewa, ya sa rile, wato makunni mai aiki da lantarki, da fiyus ta yadda wuta za ta riƙa zuwa kai tsaye daga batir ta waya mai kauri. Sai bayan duk wannan ya aike ni sayen ƙwai: lamba 9006 na dim, 9005 na ful, su ne na motarmu. Da zai saka su bai taɓa gilashin ƙwan da yatsa ba, da takarda ya riƙe, saboda maiƙon hannu yana tara zafi a wuri ɗaya ya kashe ƙwan da wuri.

Da magariba ta yi muka tsayar da motar a fili mai lebur, mita 10 daga bango, ya auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa ya yi alama da gawayi a bangon, ya riƙa juya kusoshin saiti har saman hasken ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da alamar. Fitilata ta hagu ashe tun tuni sama take kallo, ta dama kuma ƙasa, ban sani ba. Mako guda bayan haka na sake bin hanyar Daura da dare. Hasken ruwan zuma ne, ba ya burge mai kallo daga waje, amma ya kwanta a kan kwalta, ina hango ramuka da ganyen da ake zubawa a bayan lalatacciyar babbar mota tun da sauran tazara, kuma tun daga Kano har na isa babu wanda ya buɗe mini ful. Shekara biyu ke nan, sau ɗaya kawai na canza ƙwai, shi ma na canza su biyun tare don haskensu ya zo daidai.

Tazarar nan ita ce gaba ɗayan maganar. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, zuciya ta gane, ƙafa ta kai ga birki, an ci fiye da mita 40, sannan birkin kansa yana bukatar mita 50 ko fiye a kan busasshiyar kwalta mai kyau. Wanda fitilarsa take nuna masa mita 30 yana gudun 100, duk abin da ya gani a gabansa ya riga ya same shi. Ko da lafiyayyar fitila, idan kana dim ka sauko da gudu, musamman a hanyoyinmu da masu keke da babura marasa fitilar baya suke bi.

Ba ka tambaya ba, amma sai na ja kunnenka game da masu sayarwa, domin a nan ne ake cutar mutane. Za ka ga kwalin LED an rubuta lumen (ma'aunin yawan haske) dubu ashirin ko dubu hamsin a jikinsa, alhali ƙwan 9006 na asali lumen 1,000 ne ko kusa da haka, kuma da shi aka ƙera motar ta yi tafiyar dare. Lambobin nan na kwali bugu ne kawai, babu wanda ya auna su. Akwai kuma ƙwan halojin da aka shafa wa shuɗin fenti ana ce masa zenon, wanda fentin yake tare wani kaso na hasken, ya bar ka da fari mai rauni. Akwai mai wat 100 da za a ce maka ya fi ƙarfi, alhali na dim a motarka wat 55 ne, kuma mai 100 ɗin zai narka soket, ya ƙona ƙyallin kwanon, wanda idan ya ƙone sai dai sabuwar fitila. Ƙwayayen manyan kamfanoni irin su Osram da Philips ma jabunsu ya yi yawa a kasuwa, ni kaina an taɓa ba ni guda biyu a kwali mai kyau da suka mutu cikin wata ɗaya. Ka duba rubutun gindin ƙwan ya fito sarai, ka duba siririyar wayar ciki tana tsaye a tsakiya ba ta karkace ba, kuma idan farashin ya yi ƙasa da na sauran shaguna da nisa ka ajiye musu kayansu. Ka je da mai wayarin ɗinka, ka ce a rubuta maka rasit.

Idan an goge gilashin aka tarar kwanon ciki ya riga ya yi baƙi ko ƙyallinsa ya zube, to sai fitila sukutum, kuma a nan gara ta Beljiyam mai lafiya da sabuwar kwaikwayo mai arha, wadda kwanonta ba ya tara haske. Kafin ka biya a kunna maka ita a jikin bango. Mu a Najeriya tun 1972 hannun dama muke bi, saboda haka fitilar da hasken ta ya ɗaga ta ɓangaren hagu an yi ta ne don ƙasashe irin su Japan da Ingila, kuma a hanyarmu cikin idon mai tahowa za ta riƙa haskawa. Ka kuma leƙa cikinta da tocila, domin wasu suna goge waje ya yi ƙyalli su ɓoye kwanon da ya ƙone.

Ka fara da gilashi da wayarin a ƙarshen makon nan, ka sa 9006 na asali guda biyu, a saita maka su a bango da mai a tanki da iskar tayoyi daidai. Allah ya tsare hanya.