Kyamis ko lab, in ƙaiƙayin gaba ya addabe ki?

Mata da yawa a Katsina da sun ga farin ruwa mai kauri da ƙaiƙayi sai kyamis, a ba su fluconazole, maganin kandida (ƙwayar cuta irin ta fungus), ba tsada ba layi, in irin kandidar da ake kira Candida albicans ce galibi ya yi aiki. Amma fa ba kowane sanyi ne kandida ba, wani bakteriya ne, kuma a cikin sauran ire-iren kandidar, Candida glabrata ba ta cika jin fluconazole ba, Candida krusei ma sam ba ta ji, ki yi ta sha yana dawowa.

A lab kuwa auduga za a sa a ɗebo ruwan, a duba, a raini ƙwayar kwana biyu uku a gane irinta da maganin da ke kashe ta. Wallahi in yana dawowa ko kina da ciki, 'yar'uwa ki daure ki je asibitin mata da yara na Turai Yar'adua da ke Katsina.