Sharhi Kan Aikin Wayarin: Layuka Da Dama a Bututu Guda

Na ba wani mai aikin wayarin kwangilar saka wutar sabon gidanmu a Kano, kuma tun da aka fara fasa bango muka sha bamban a kan batu guda. Ni ina so a zura wayoyin falo, kicin da ɗakuna biyu cikin bututun roba ɗaya mai milimita 20 domin a rage kashe kuɗi, shi kuwa ya ƙi amincewa.

Hujjarsa ce ta sa nake wannan rubutu. Ya bayyana mini cewa haɗa layuka a bututu ɗaya ba laifi ba ne a ƙa'ida, amma kowace waya tana fitar da zafi idan wuta na bin ta, kuma idan aka cusa su wuri guda zafin ba ya samun mafita. A ƙa'idar Birtaniya ta BS 7671, wadda masu wayarin na nan suka saba bi, layi biyu a bututu guda suna rage ƙarfin kowace waya zuwa kashi 80 cikin ɗari, layi uku kuma zuwa kashi 70. Wato waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da ke ɗaukar wuta kusan amfiya 24 idan layinta ne kaɗai a bututun, sai ta koma wajen 17 idan layi uku ne. Lissafin ma an gina shi ne a kan zafin digiri 30, alhali a watan Afrilu garin nan yakan kai 40, rigar robar wayar kuma ba a so ta wuce digiri 70.

Saboda haka ya bar layin fitilu da na soket su tafi tare a bututu mai milimita 25, bai cika shi ko rabi ba, ya ware wa na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa nasu bututun da waya mai kauri. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane layi ya ba shi wayar nutiral tasa, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, maimakon a ari ta wani layin kamar yadda wasu ke yi, domin aron nan ne ke sa a kashe bireka amma waya ta ci gaba da jan mutum. Wayar talabijin da ta intanet kuwa ya raba su da na wuta gaba ɗaya.

Ƙorafina biyu ne. Kuɗin bututu da na fasa bango sun zarce abin da ya faɗa da farko, kuma bai manna alamar kowane layi a akwatin rarraba wuta ba sai da na yi ta bin sa. Amma mun shafe bazara guda da esi da firji suna aiki tare bireka bai faɗi ba, kuma da muka sayi inbata, sabuwar waya ta shige bututun falo ba tare da an taɓa filasta ba.