Sabar Dell PowerEdge R730 ta hannu: yadda ta yi mana a Damagaram

Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofishin lissafi a Sabon Gari, nan Damagaram. Da takardun mutane suka yi yawa, kowa da nasa a kwamfutarsa, sai muka yanke shawarar sayen saba guda, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, da za ta riƙe komai. Sabuwa ta fi ƙarfinmu, shi ya sa muka ɗauki ta hannu, Dell PowerEdge R730, samfurin da ya fito a 2014. Ta ga bazara ta ga hunturu a wurinmu, kuma ta biya kuɗinta. Sai dai ba kowa zan ba shawarar sayenta ba.

Takardar da mai sayarwa ya turo cike take da gajerun kalmomi: 2U, ECC, RAID, iDRAC. Mu da Faransanci muka yi karatu, na'urar da Turanci take magana, maigidan da zai fitar da kuɗin kuma da Hausa yake so a yi masa bayani. Kowace kalma a takardar nan akwai kuɗi a bayanta, don haka sai da na zauna na warware su ɗaya bayan ɗaya.

2U kauri ne kawai. U guda ya kusa santimita 4 da rabi, kuma an ƙera sabar don a zura ta a kabad mai faɗin inci 19. ECC kuwa irin RAM ce, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, mai gane ƙaramin kuskure ta gyara shi da kanta kafin ya ɓata aiki. Ramukan RAM na sabar 24 ne, na samfurin DDR4, amma RAM ɗin kwamfutar tebur ba ta aiki a ciki. Na zagaya shagunan garin nan ban samu irinta ba, saboda haka a sayi isasshiya tun farko.

RAID ce ta fi burge ni. Mun haɗa faifan ajiya biyu a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan. Cikin watan Mayu ɗaya ya mutu. Ƴar fitilar gabansa ta daina kore ta koma ruwan goro tana ƙiftawa. Na danna maɓallin, na zaro shi sabar tana kunne, na zura wani, ta shiga kwafe masa komai. Masu aiki a ɗaya ɗakin ba su ma san an yi ba. Da maigida ya ji labari sai ya ce, "To ashe ba ma bukatar wani kwafi ke nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, muna bukata. In wani ya goge takarda bisa kuskure, a faifan biyu take gogewa lokaci guda. In cutar kwamfuta ta kulle fayiloli, duka biyun take kullewa." RAID maganin mutuwar faifai ce kawai, ba ta maganin kuskuren mutum ko gobara ko ɓarawo. Shi ya sa kowane dare wata manhajar kwafi mai suna rsync ke kwashe komai zuwa wani faifai na waje, wani kuma yana kwana a wajen ofis. Wanda zai haɗa tsofaffin faifai masu girma, gara ya zaɓi RAID 6 da ke jure mutuwar biyu a kan RAID 5 da ke jure ɗaya, don sau da yawa a lokacin sake kwafin ne na biyun ke bin ɗan'uwansa.

iDRAC wata ƴar kwamfuta ce a cikin sabar. Muddin waya na jone da wuta tana aiki, ko da sabar a kashe take. Daga gida nake ganin zafinta da gudun fankokinta, in kunna ta in kashe ta. Ganin allonta daga nesa yana bukatar lasisin Enterprise, a tambaya kafin a biya. Kalmar sirrin da take zuwa da ita kuma duniya ta san ta, a canza ta ranar farko.

Babbar manhajar da muka saka Debian 12 ce, wadda ta fito a Yunin 2023, kyauta. Babu hotuna, baƙin allo ne da rubutu. Ina shiga daga wata kwamfuta ta SSH, amintacciyar hanyar ba ta umarni daga nesa, Samba na raba fayiloli ga masu Windows, apt na sabunta manhajoji, journalctl na nuna abin da ya faru cikin dare. Na hana shiga kai tsaye da sunan root, mai iko da komai. Wanda ke bukatar ikon sai ya bi ta sudo, sunansa ya shiga rajista.

Babban abin lura shi ne zafi. Masu ƙera ta sun ce ta yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40. In kilima ta tsaya, fankokinta shida kan tashi da ƙarar da ba za ka iya waya kusa da ita ba. Ba laifinta ba ne, don ɗaki mai sanyi aka yi ta. Da hunturu kuma ƙura ce, sai an toshe ƙasan ƙofa ana hure ta a kai a kai. Akwatunan wutarta biyu ne, in ɗaya ya lalace ɗayan ya riƙe. Ɗaya na jona a anduler, na'urar da ke riƙe wuta da batir in an ɗauke, ɗayan a wani layi daban, don in duka suna wuri guda rabin amfanin ya tafi.

Ofishin da mutanensa ba su wuce biyar ba, babu kilima, babu mai karanta saƙon da na'ura ke bayarwa, ƙaramar saba mai tsayuwa kamar kwamfutar tebur ta ishe shi. Wanda ya shirya sayen irin tamu kuma, ya nemi lambar na'urar ya duba ta a shafin Dell, sannan ya sa a nuna masa awannin da kowane faifai ya yi yana aiki.