Faifan Muddy Waters: wanne za ka fara saya, wanne za ka bari a kanti

Duk wanda ya tashi neman waƙoƙin Muddy Waters, mawaƙin blues ɗan Amurka, ko a kanti ko a intanet, yawansu ne zai fara ruɗa shi. An yi kusan shekara arba'in ana ɗaukar muryar mutumin nan, tun daga 1941 har zuwa kundinsa na ƙarshe da ya fito a 1981, kuma waƙa ɗaya sai ka tarar ya rera ta a lokuta daban-daban, da makaɗa daban-daban, sunan bai canza ba amma daɗin ba ɗaya ba. Ni dai ba zan ɓoye ra'ayina ba: kuɗinka na farko ya tafi kan waƙoƙin da ya yi wa kamfanin Chess a Shikago tsakanin 1947 da 1955, a sautinsu na asali, daga hannun masu haƙƙin mallakarsu. Sauran duk su biyo baya, wasu ma kada su biyo.

Sunansa na yanka McKinley Morganfield. Ya tashi a gonar auduga ta Stovall kusa da garin Clarksdale a jihar Misisipi, ya yi ƙaura zuwa Shikago a 1943 cikin ayarin baƙaƙen fata da suka riƙa barin kudancin Amurka suna neman aikin masana'anta. A can ya tarar jitarsa ta katako ba ta iya ratsa hayaniyar gidajen rawa, sai ya koma jitar lantarki. Salon kiɗan karkarar Misisipi bai bar shi ba, ƙarfi kawai ya ƙara masa. Wannan shi ne abin da kake saya idan ka sayi waƙoƙin shekarun nan takwas.

Saurari "I Can't Be Satisfied" ta 1948, lokacin kamfanin ma sunansa Aristocrat, bai zama Chess ba sai 1950. Mutum biyu ne kacal a ciki: Muddy da jitarsa, sai Ernest "Big" Crawford yana fizgar igiyoyin babban bas na tsaye har kana jin suna marin katako. Muddy na sanye da ɗan bututu a ƙaramin yatsansa, yana zamar da shi a kan igiya, sautin ya tashi ya yi kuka ya sauko, sannan muryarsa ta bi sawun kukan ba tare da ta sauka daidai inda kunne ke jira ba. Kullum tana ɗan jinkirtawa, kamar da gangan. A "Rollin' Stone" ta 1950 ma ba kowa sai shi kaɗai, murya da jita, kuma daga sunan wannan waƙa ne samarin Landan suka raɗa wa ƙungiyarsu The Rolling Stones.

Abin da ya sa nake son a saurari waƙoƙin nan a jere, shekara bayan shekara, shi ne za ka ji yadda ƙungiya ke ginuwa a gaban kunnenka. Leonard Chess, wanda shi da ƙaninsa Phil ke da kamfanin, ya ga salon mutum biyu na kawo ciniki, sai ya daɗe yana jan ƙafa kan barin Muddy ya shigo situdiyo da cikakken taron makaɗan da yake wasa da su da daddare. Sannu a hankali aka shigo da Little Walter da harmonikarsa, kamar yadda za ka ji a "Louisiana Blues". A 1951 akwai waƙoƙin da Leonard ɗin da kansa ya zauna ya buga babbar ganga, irin su "She Moves Me", kuma ba wani gwani ba ne, dum-dum ce kawai mai nauyi, amma ta zauna. Sai Jimmy Rogers da jita ta biyu, sai Otis Spann a kan fiyano. Ranar da aka ɗauki "Hoochie Coochie Man" a watan Janairun 1954, wadda Willie Dixon ya rubuta kuma ya kaɗa bas a ciki, komai ya kammala. Makaɗan su buga gaba ɗaya, su tsaya cak, su bar masa fili ya yi kirarinsa, su sake bugawa. Walter kuma ya haɗa harmonika da ƙaramar makirfo ya rufe su cikin tafin hannu, sautin ya fito da kauri kamar ba daga wannan ɗan abu ba. Waƙar minti uku ce ko ƙasa, don abin da gefen faifan garmaho na lokacin ke ɗauka ke nan, kuma wannan ƙuncin lokaci ne ya hana kowa surutun banza da kayan kiɗansa.

To a wane kundi za ka same su? Akwai huɗu da suka cancanci a tsaya a kansu. The Best of Muddy Waters na 1958 shi ne babban faifansa na farko, waƙa 12, ba ko ɗaya ta yarwa, amma ba a jere suke bisa shekara ba kuma babu "Mannish Boy" ta 1955 a ciki. His Best, 1947 to 1955, wanda aka fitar a 1997 don cikar Chess shekara hamsin, shi ne zaɓina: faifan CD ɗaya, waƙa 20, an jera su daga ta farko zuwa ta ƙarshe, sautin a tsabtace ba tare da an kashe masa rai ba. Idan aljihu da ɗan nauyi, The Anthology na 2001 faifai biyu ne, waƙa 50, ya kai ka har 1972. The Chess Box na 1989 faifai uku ne da waƙa 72 da ɗan littafi, na wanda ya riga ya kamu ne, sabon shiga zai gaji kafin ya kai ƙarshe.

Bayan wannan, idan kana son ƙari, At Newport 1960 ne na biyu a wurina. An ɗauke shi a gaban jama'a ranar 3 ga Yuli, washegarin tarzomar da ta sa aka katse bikin kiɗan jazz na garin Newport na shekarar, ga James Cotton a harmonika, ga Spann, kuma jama'a suka sa shi ya maimaita "Got My Mojo Working". Jitar da yake riƙe da ita a hoton bango ma ba tasa ba ce, ta John Lee Hooker ce. Hard Again na 1977, wanda Johnny Winter ya shirya a kamfanin Blue Sky bayan Muddy ya bar Chess, kundin dattijo ne da ya dawo da ƙarfinsa, ya kuma ci kyautar Grammy; saye shi ba asara. Folk Singer na 1964 da Buddy Guy yana matashi, ba lantarki, sautinsa tas, shi ya sa masu manyan sifika ke gwada kayansu da shi, sai dai an yi shi ne don a kamo ɗaliban jami'a farar fata masu son jitar katako. The Complete Plantation Recordings kuwa shi ne abin da masu tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax da John Work suka fara ɗauka a Stovall a 1941, Lomax ya koma a 1942, don Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Tarihi ne mai daraja, har da hirarraki, amma ba nan ne ƙofar shiga ba.

Electric Mud na 1968 dabarar Marshall Chess ce, ɗan Leonard, ta sayar da shi ga matasan zamanin, shi kansa Muddy bai so shi ba, ni ma haka. The London Muddy Waters Sessions na 1972 taron manyan sunaye ne kawai. Muddy, Brass & the Blues na 1966, wanda aka lafta wa ƙahonnin busa, ka wuce shi.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta, kuma nan ne na fi so ka buɗe ido. Waƙoƙin 1947 zuwa 1955 duk a mono aka ɗauke su, sauti ɗaya ne ke fita ta kowace sifika. Da sitiriyo ya zama yayi a ƙarshen shekarun 1960, kamfanoni sai suka riƙa ɗaukar tsofaffin waƙoƙi suna raba su da na'ura, kauri a hagu, siriri a dama, su zuba amsa-kuwwa a kai. Sakamakon shi ne murya ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa, bas ɗin Crawford ya narke, marin igiyar nan ya ɓace. Irin wannan faifai na taɓa saya a hannun wani mai sayar da tsofaffin faya-fayai ta intanet. Ya ɗauki hoton gaba da kyau, ya rubuta cewa tsohon bugu ne, bai nuna bayan kwalin ba inda aka buga da ƙananan haruffa cewa an mayar da sautin sitiriyo da na'ura. Ga kuɗin faifai, ga kuɗin turowa da ya fi na faifan. Da na yi masa magana sai ya ce ai bai yi ƙarya ba, tsoho ne. Tun daga nan duk kundin waƙoƙin kafin 1957 da na ga kalmar sitiriyo a jikinsa, ba na ko tambayar farashi.

Na biyu su ne manyan akwatunan nan masu arha, faifai huɗu ko goma a kuɗin guda, da hoton Muddy a gaba da sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba. Yawancinsu daga Turai suke, kuma ba lallai haramtattu ba ne: a dokar can, haƙƙin mallakar waƙar da aka fitar kafin 1963 ya ƙare bayan shekara 50, don ƙarin wa'adin zuwa shekara 70 da aka yi bai waiwayi waɗanda suka riga suka kuɓuce ba. Kowa na iya bugawa. Amma waɗannan kamfanoni ba su da tef na asali, daga CD ɗin wasu ko daga tsofaffin faya-fayai suke kwafa, wani lokaci su murɗe na'urar share ƙara har ta share numfashin mawaƙin tare da ƙarar. Akwai ƙalilan masu aiki da kula a cikinsu, amma ba za ka gane ba sai ka buɗe leda. Araha ba ta ado. Alama mai sauƙi: idan ka ga akwati ya tsaya cak a 1962 ba tare da wani dalili na tarihi ba, doka ce ta tsayar da shi.

Na uku ya fi cin rai. Kundi ne mai jerin sunayen shahararrun waƙoƙinsa duka, ka ɗauka na Chess ne, ka saka sai ka ji tafi da surutun jama'a: wasan wani dare ne na shekarun 1970 da aka ɗauka da makirfo ɗaya daga can baya, muryar na nesa, ganga na rufe komai. Duba tsawon waƙa kafin ka biya. "Mannish Boy" ta 1955 ba ta kai minti uku cikakku ba. Ta Hard Again ta haura biyar, kuma za ka ji Johnny Winter yana ihu a baya. Idan ka ga minti bakwai ko takwas a kundin da ba a faɗi wuri da shekarar ɗauka ba, na dandali ne aka ɓoye maka. Kundi na gaskiya ba ya jin kunyar faɗin ranar ɗauka da sunayen makaɗa.

Haka ma masu cika baki da cewa nasu bugun daga tef na asali aka ɗauko shi kai tsaye. A 2008 gobara ta cinye wata ma'ajiyar kamfanin Universal a Kalifoniya, kuma a 2019 jaridar New York Times ta ruwaito cewa tef-tef na Chess na cikin abin da ya ƙone, ko da yake kamfanin ya musanta girman asarar da aka bayyana. Don haka ƙaramin kamfani da ya fito da wannan iƙirari yau, sai ya faɗi wane tef, daga wace ma'ajiya.

A nan gida kuma matsalar wata ce daban. Masu tura waƙa a waya da masu kwafar CD ba su san Muddy Waters daga Howlin' Wolf, wani mawaƙin blues ɗin, ba, duk dattijon da ke riƙe da jita suna ɗaya suke ba shi, sannan fayil ɗin an matse shi an sake matsewa har kuge ya koma shuu. Gara ka saurara a Spotify ko Apple Music ko YouTube Music, amma can ma 'yan kwafe sun cika. Gangara ƙasan shafin kundin ka karanta layin haƙƙin mallaka. Na Chess zai nuna Chess, MCA, Geffen ko UMG, domin kayan Chess sun koma hannun MCA a tsakiyar shekarun 1980, daga nan suka zarce Universal. Hard Again da 'yan uwansa biyu, I'm Ready da King Bee, suna ƙarƙashin Sony. Duk wani suna daban, ka saurari minti ɗaya ka gwada da na asalin kafin ka ajiye shi a wayarka.

Wanda kuma ya nace sai faifan garmaho, ya tuna zafin ƙasarmu na lanƙwasa shi tun yana hanya, balle ya kwana a bayan mota a watan Afrilu. Kada ka yi cinikin biri a sama: mai sayarwa ya turo maka hoton bayan kwali, da hoton tambarin tsakiyar faifan, da lambar bugu. Ta The Best of Muddy Waters na 1958 ita ce LP-1427. An sake buga shi sau da dama da wannan lambar, don haka ita kaɗai ba ta tabbatar da bugun farko, amma wanda ya ce nasa na 1958 ne alhali ba ita a jiki, ka bar masa kayansa.